Fankar zuƙe hayaƙin girki: tsakanin ta bango da rumfar saman murhu

Gidajen da ake ginawa yanzu a Kaduna, daga Millennium City har zuwa sababbin unguwannin Rigasa da Kinkinau, sun shigo da kicin cikin gida, bango ɗaya ne kawai ya raba shi da falo, alhali madafar da iyayenmu suka sani a tsakar gida take, ko a ƙarƙashin wata rumfa da iska ke ratsawa ta kowane gefe. Wannan sauyi ya kawo tsafta da sutura da sauƙin aiki, sai dai girkinmu bai sauya tare da ginin ba. Har yanzu muna soya manja sai ya yi hayaƙi, muna zuba jajjagen attaruhu da albasa cikin mai mai zafi, muna tuyar ƙosai da waina da kifi, muna barin tukunyar tuwo tana turiri na tsawon lokaci. Duk abin da ke tashi daga waɗannan tukwane, wanda a da iskar tsakar gida ke kwashewa ba tare da kowa ya lura ba, yanzu a cikin ɗaki yake tsayawa, ya manne a silin da labule da tufafi, wani kuma ya shiga ƙirjin mai girki da na yaran da ke kewaye da ita.

Iri biyu na fankar zuƙe hayaƙi na yi aiki da su har na san halinsu. Ta farko ita ce fankar bango ta ƙarfe mai faɗin inci 10, irin wadda ake fasa bango a dasa, wadda masu shago ke kira egzos, kuma ita ce a kicin ɗina. Ta biyu ita ce rumfar saman murhu mai faɗin santimita 60, wadda ake kira hud, mai fitila da maɓallai da ragar alminiyam a ƙasanta, kuma ita ce a gidan yayata da ke Unguwar Rimi, inda nake yawan kama girki idan ana hidima. Sunan kamfani ba shi da wani nauyi a wannan bayani, domin fanka iri ɗaya takan zo kasuwa da tambari daban-daban, kuma abin da ke yanke hukunci a kan ingancinta shi ne inda iskar ke fita da inda take shigowa. Ra'ayina, tun kafin in shiga dalilai, shi ne fankar bango mai araha da aka dasa a wurin da ya dace ta fi rumfa mai tsada da aka rataya ba tare da bututun waje ba, amma rumfar da aka haɗa da bututu bisa ƙa'ida ta fi su duka.

Ya kamata a fara sanin abin da ake kora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mafi yawan wannan asara daga hayaƙin itace da gawayi da kananzir take. Mai girki da gas ta tsira daga kaso mafi muni, amma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Harshen wutar gas yana fitar da iskar naitirojin dayokzaid, wadda ke tsokanar hanyoyin numfashi, musamman ga yara masu asma, kuma idan wutar ta koma rawaya maimakon shuɗiya, alama ce ta cewa gas ɗin ba ya ƙonewa sosai, yana iya fitar da kabon monokzaid, iskar da ba ta da wari ko launi amma tana hana jini ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Suya kuwa tana da nata hayaƙin ko da da lantarki ake yin ta, domin mai idan zafinsa ya wuce kima yana watsa ƙananan ƙwayoyi da masana ke kira PM2.5, waɗanda kaurin silin gashi ɗaya ya ninka su kusan sau 30, suna kuma wucewa har can cikin huhu. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sanya hayaƙin suya da mai mai tsananin zafi cikin abubuwan da ake da ƙwaƙƙwaran zaton suna haddasa wannan cuta. Na kawo waɗannan ne domin yawancinmu saboda ƙarnin kifi da ƙauri muke sayen fankar, mu kunna ta ranar suya mu manta da ita sauran kwanaki, alhali wani ɓangare na abin da ya fi cutarwa hanci ba ya jin sa ko kaɗan.

A shagunan kayan lantarki da ke titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana samun fankar bango daga inci 6 har zuwa inci 12, ta roba da ta ƙarfe, kuma tambayar da mai shago zai fara yi ita ce, "Hajiya, inci nawa?" Inci yana faɗin girman ramin da za a fasa ne kawai. Lambar da ta fi muhimmanci tana jikin kwali ko a ƙaramar takardar da ke manne da injin, ita ce yawan iskar da fankar ke fitarwa a awa guda, da ma'aunin kubik mita. Lissafin abin da kicin ke buƙata ba shi da wuya: a auna tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, a ninka su da juna. Kicin mai mita 3 ta kowane ɓangare yana ɗauke da kubik mita 27 na iska. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce a sauya iskar kicin aƙalla sau 10 a awa, wato ana buƙatar fankar da ke fitar da kubik mita 270, kuma ga gidan da ake yawan suya gara a ɗora lissafin a kan sau 15, wato kusan kubik mita 400. Idan kwalin ya zo da ma'aunin CFM, wato kubik ƙafa a minti, a ninka lambar da 1.7 a samu kubik mita a awa. Dokar gini ta Ingila ta tanadi cewa mafi ƙarancin abin da za a amince da shi lita 30 ne a daƙiƙa ga rumfar da ke saman murhu, da lita 60 ga fankar da ke wani wuri dabam a kicin, kuma abin lura a nan shi ne duk fankar da ta yi nisa da tukunya sai ta yi aiki ninki biyu kafin ta biya buƙata. Bisa wannan lissafi ban ba kowa shawarar inci 6 a kicin ba, domin wannan ta banɗaki ce. Inci 8 tana iya wadatar da ƙaramin kicin na ɗaki da falo, inci 10 kuwa ita ce tsaka-tsakin da ta dace da yawancin gidaje.

Na zaɓi ta ƙarfe ne bayan na ga yadda ta roba ke komawa a wasu gidaje. Ta roba ba ta da nauyi kuma ƙararta ba ta kai ta ƙarfe ba, amma zafi da maiƙo sukan sa ta yi ja, ta yi gautsi, har fiffike ya tsage wurin wanki. Ta ƙarfe tana jure goga, sai dai idan fentinta ya ɓare takan yi tsatsa, kuma dole ne a haɗa mata wayar ƙasa domin kada jikinta ya ja mutum idan ruwa ko turiri ya taɓa waya. Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya jona ta a gaban mai saye. A saurara ko akwai ƙarar gogayya, a kashe a ga ko fuka-fukan za su ci gaba da juyawa na ɗan lokaci kafin su tsaya, domin wadda ke tsayawa nan take boris ɗinta ba shi da kyau. A ɗaga ta a hannu, saboda inji mai koyil na jan ƙarfe ya fi mai na alminiyam nauyi, ya kuma fi shi jure zafi. Wanda zai sayi ta hannu, irin kayan Beljiyam, ya duba rubutun jikinta da kyau, domin wutarmu tana tsakanin bolt 220 da 240 ne, kayan da aka yi wa Amurka kuwa na bolt 110 zuwa 120 ne, jonawa ɗaya za ta ƙona su. A karɓi rasit, a sa a rubuta tsawon garanti a jikinsa, domin alƙawarin baki a kasuwa ba ya jimawa.

Wurin dasawa ne aka fi yin asara, kuma na ga fankoki masu kyau da yawa da aka lalata amfaninsu da rami ɗaya da aka fasa a inda bai dace ba. Hayaƙi da turiri sama suke yi, don haka fankar tana son ta zauna can kusa da silin, a bangon da bayansa waje ne, kusa da murhu gwargwadon iko, amma ba dab da harshen wuta ba. Abin da magina suka fi yi shi ne su fasa ramin a gefen taga domin wurin ya fi sauƙin aiki, sakamakon haka iska ta shigo ta tagar ta juya ta fita ta fankar, hayaƙin tukunya kuwa yana can yana yawo a ɗaya ɓangaren, ga ƙara tana tashi ga wuta tana tafiya. Mai gyaran wutar da ya haɗa mini tawa ya ja hankalina a kan wannan, ya ce in riƙa rufe tagar da ke kusa da ita idan na kunna, in buɗe ƙofar baya kaɗan, domin iska ta ratso ta kan murhu kafin ta isa fankar. Shawarar ta yi daidai. Fanka ba ta iya fitar da iska sai an ba wata hanyar shigowa ta maye gurbinta, kuma idan aka rufe kicin ruf za a ji sautinta ya sauya, ƙofa ta yi nauyin buɗewa, aikin kuma ya ragu. Idan kuwa ƙofar falo ce kaɗai a buɗe kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, fankar za ta riƙa janye sanyin da aka biya kuɗinsa tana zubarwa waje.

Akwai ƙananan abubuwa a wurin dasawa da yanayin Kaduna ya sa suka zama manya. Ramin ya ɗan karkata zuwa waje domin ruwan sama mai iska, wanda muke sha daga watan Mayu zuwa Oktoba, kada ya gangaro cikin inji. Masu walda a Panteka suna ƙera ƙaramar rumfar kwano da ake kafawa a bakin ramin ta waje, kuɗinta kaɗan ne, amfaninta kuwa yana da yawa. Lallai fankar ta kasance mai murfin luba da ke buɗewa idan an kunna ya rufe idan an kashe, in ba haka ba ƙurar hunturu da sauro da ƙadangaru sun samu ƙofa. Sannan a duba inda bakin ramin ke kallo, domin a unguwannin da gidaje ke manne da juna, irin Tudun Wada da Kawo, tura hayaƙin attaruhu kai tsaye cikin tagar ɗakin maƙwabci tauye haƙƙinsa ne. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida kafin ya fasa bango, idan bai samu ba ana iya cire gilashi ɗaya na saman taga a sa katako mai kauri a dasa fankar a jikinsa, ranar tashi a cire a mayar da gilashin.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na attaruhu. Duk mai girki ta san lokacin da jajjage ke faɗawa cikin mai, ya yi ƙara, wani farin hayaƙi mai yaji ya tashi, tari ya kama kowa har waɗanda ke zaune a falo. Idan na kunna fankar tun kafin in ɗora kasko, ana ganin hayaƙin da ido yana tashi wajen kamu biyu a miƙe, sannan ya karkata ya nufi bango, kuma waɗanda ke falo sai dai su ji ƙamshin miya. Turirin tukunyar tuwo, wanda a da yake jiƙa gilashin taga har ya riƙa ɗiga, ya daina taruwa, kuma baƙin da ke fitowa a kusurwar silin lokacin damina bai sake dawowa ba bayan fenti. Amma fankar bango tana da iyakarta: ba a bakin tukunya take kama hayaƙi ba, sai ya tashi ya bazu kaɗan sannan ta ja shi, don haka mai tsaye a kan kasko tana shaƙar wani abu, musamman idan ta tsaya tsakanin murhu da fankar. A watannin Maris da Afrilu fankar tana rage cunkoson zafi sosai, ko da yake ba ta sanyaya ɗaki. Kunna fankar silin tare da ita kuwa ɓata aiki ne, domin tana watsa hayaƙin ko'ina kafin a zuƙe shi, tana kuma kaɗa wutar gas.

Aibin fankar bango na farko shi ne ƙara. Gudu ɗaya gare ta, babu ragewa babu ƙarawa, kuma idan tana aiki sai an ɗaga murya kafin a ji kiran yaro daga ɗaki. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin fankar da ke damun kunne ita ce wadda ake daina kunnawa. Wanda ya ga an rubuta ma'aunin ƙara a kwali ya nemi wadda ba ta wuce desibel 60 ba, wanda shi ne kimanin ƙarfin hira ta yau da kullum, ya kuma sani cewa ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa a matsayin ninki biyu. Aibi na biyu shi ne ba ta da matata, duk maiƙon da ta ja a jikinta yake sauka. Bayan ɗan lokaci fuka-fukan sukan ɗauki wani danƙo mai ruwan ƙasa, ƙurar hunturu ta zauna a kansa har ya yi kauri, idan aka taɓa da yatsa sai ya biyo yatsan yana zare. Wannan danƙon yana nauyaya fuka-fukai, yana manne luba har ta kasa buɗewa sosai, kuma ta waje yana zana wani dogon baƙin layi a jikin bango daga bakin ramin zuwa ƙasa.

Rumfar gidan yayata kuwa, ranar da na fara ganinta ta burge ni. Tana da kyan gani, fitilarta tana haska cikin tukunya yadda ake ganin launin miya da daddare, tana da gudu uku, kuma tana zaune daidai inda hayaƙi ke tashi. Sai dai wanda ya kafa ta bai haɗa mata bututu ba. Iskar tana shiga ta ƙasa, ta ratsa ragar alminiyam, ta fito ta saman rumfar ta koma cikin kicin, kamar mai shara da ke kwashe ƙura daga bakin ƙofa tana turawa ƙarƙashin gado. Masu ƙera irin wannan rumfa sun tanadi hanyar aiki ba tare da bututu ba, amma da sharaɗin a sa mata matatar gawayi ta musamman da ke tsotse wari, a kuma sauya ta duk bayan wata 3 zuwa 6. Ko an cika wannan sharaɗi, matatar gawayi ba ta cire turiri, ba ta cire zafi, ba ta kuma cire kabon monokzaid. A tamu kasuwar samun matatar da ta yi daidai da rumfar da aka saya yana da wahala, sau da yawa sai an yi saƙo daga Legas ko Abuja, kuma na leƙa rumfuna a gidaje da dama na tarar babu matatar gawayin a ciki tun farko. Mafi muni daga wannan shi ne abin da wasu masu aiki ke yi na cusa bututun cikin silin su bar bakinsa a can, inda maiƙo zai riƙa taruwa tsakanin katakon rufi da wayoyin lantarki, turiri kuma ya jiƙa silin ɗin har ya yi tabo. Wannan haɗarin gobara ne, kuma duk wanda aka yi wa irin wannan aiki ya kamata ya sa a gyara ba tare da jinkiri ba.

Da aka fasa bango aka fitar da bututun waje, rumfar ta zama wani abu dabam, har ta fi fankata aiki nesa ba kusa ba, domin tana kama hayaƙin tun bai kai fuskar mai girki ba, ragarta kuma tana tare maiƙo kafin ya isa inji. Amma samun wannan sakamako yana da sharuɗɗa da ake yawan karyawa. Bututun ya kasance daidai da faɗin bakin rumfar, wanda a yawancinsu milimita 150 ne ko kusa da haka, kada a ƙanƙance shi zuwa bututun roba na inci 4 irin na magudanar ruwa don kawai shi ne a hannu, domin hakan yana rage iska yana ƙara ƙara. Ya zama gajere, miƙaƙƙe, mai santsin ciki, na ƙarfe idan da hali, saboda kowace kwana da aka ƙara tana cin wani kaso na ƙarfin zuƙa. Tazarar rumfar daga kan murhun gas ta kasance tsakanin santimita 65 da 75. A nan muke da matsala ta kanmu, domin tukwanenmu dogaye ne, kuma mai tuƙa tuwo tana buƙatar sarari ta juya muciya, sai a ɗaga rumfar har ta kai mita guda ko fiye, a wannan tsayi kuwa rabin hayaƙin gefe yake bi. Abin da na ga ya fi shi ne a tsaya a santimita 75, a kuma zaɓi rumfa mai zurfin ciki da ta fi murhun faɗi ko ta yi daidai da shi, domin rumfar santimita 60 a kan murhu mai kai biyar na santimita 90 ta bar kawunan gefe a fili. Binciken da aka yi a cibiyar Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya ya nuna cewa rumfuna sun fi kama hayaƙin kawunan baya na murhu fiye da na gaba, don haka kaskon suya ya koma baya, tukunyar da ba ta hayaƙi ta zo gaba.

Game da wuta, fankar bango ba ta da ci. Irin tawa tana jan wat 40 ko ƙasa da haka, idan ta yi aikin awa 3 a rana za ta ci yunit 3.6 a wata, kuma ko a Band A, rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada, inda kuɗin yunit ya haura naira 200 a watan Afrilun 2024, wannan bai kai naira 1,000 ba. Rumfa takan ja daga wat 100 zuwa 250 gwargwadon gudun da aka sa ta. Muhimmancin wannan bambanci yana fitowa ne idan an ɗauke wuta, domin ƙaramin janareta ko sola mai inbata suna ɗaukar fankar bango ba tare da an ji nauyinta ba, kuma yana da kyau a gaya wa mai haɗa waya ya ɗora ta a layin inbata tun farko, tunda girkin magariba a watan azumi ba ya jiran dawowar wuta. Abin tsoro shi ne raunin wuta. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, injin yakan yi gurnani yana juyawa a hankali yana ɗaukar zafi, kuma a irin wannan hali kashe ta ya fi barin ta. Idan kuwa wuta tana da ƙarfi amma fankar ba ta tashi sai an tura fiffike da tsinke, yawanci kwandansa, ƙaramar na'urar da ke taimaka wa inji tashi, ce ta mutu, sauya ta kuma aiki ne mai sauƙi da araha wanda ba ya buƙatar sayen sabuwar fanka.

Wanki sau ɗaya a wata ya wadatar ga gidan da ke girki kullum. A kashe wuta daga makunni, a kwance fuka-fukai ko ragar rumfa, a jiƙa su cikin ruwan zafi da sabulun wanke-wanke da ɗan bekin soda har maiƙon ya saki, a goge da tsohon buroshi, a bari su bushe sarai kafin a mayar. Inji ba ya son ruwa, tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi. Sodar yin sabulu tana narka maiƙo da sauri, amma tana cin alminiyam tana baƙanta shi, don haka a nisanta ta da ragar rumfa. Hanya mai sauƙi ta sanin ko lokacin wanki ya yi ita ce a kawo fallen takarda kusa da ragar alhali tana aiki, idan ta manne da kanta zuƙa na nan, idan ta faɗi hanya ta toshe. Raga mai cike da maiƙo a saman wuta makamashi ce, harshen wuta ɗaya daga kasko yana iya kama ta. A wurin amfani kuma, a kunna mintuna kaɗan kafin a ɗora tukunya domin iska ta kama hanya, a bar ta minti 10 zuwa 15 bayan an sauke.

Abubuwa biyu ne nake so a ɗauka da matuƙar muhimmanci, domin kuskure a cikinsu rai yake ci. Na farko, idan aka shiga kicin aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin fanka da niyyar fitar da warin. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya inda fankar da ke kusa da silin ba ta kai wa, kuma ɗan tartsatsin da makunni ke yi ya isa ya tayar da wuta. A rufe kan tukunyar gas, a buɗe ƙofofi da tagogi da hannu, a fitar da kowa waje. Na biyu, samun fanka ba izini ba ne na shigo da gawayi cikin rufaffen kicin, abin da tsadar gas ta sa gidaje da yawa suka koma yi. Gawayi yana fitar da kabon monokzaid mai yawa ko da babu hayaƙin da ido ke gani, kuma idan aka ɗauke wuta fankar ta tsaya, mai girki ba za ta ji wani wari da zai gargaɗe ta ba. Gawayi da itace da babbar suyar naman layya wurinsu tsakar gida ne.

Ga ɗan haya, ga mai ƙaramin kicin, ga wanda kuɗinsa ke da iyaka, fankar bango ta ƙarfe mai inci 8 ko 10 da murfin luba ita ce shawarata, kuma kuɗinta har da na dasawa ba ya kai rabin na rumfa mai kyau. Ga mai gidan kansa da murhunsa ke jikin bangon waje ko kusa da shi, rumfa mai bututu ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a ƙulla ciniki da mai aiki a kan fitar da bututun har waje tun kafin ya kama aiki, a kuma fita a sa hannu a bakin bututun a ji iska kafin a sallame shi. Rumfar da ba ta da bututu kuwa ba na ba kowa shawarar ta, sai wanda ginin gidansa bai bar masa wata hanya ba, shi ma ya sayi matatar gawayi ta ajiya a ranar da ya sayi rumfar, ya kuma riƙa buɗe taga. Wanda ke kan gini yanzu yana da damar da sauranmu ba mu samu ba: ya tsayar da wurin murhu a jikin bangon waje tun a zane, ya sa magini ya bar ramin milimita 150 a sama da shi kafin a yi filasta da tayil, ya kuma sa a ja waya da soket zuwa wurin tare da sauran wayoyin gidan.